Tela a FESPACO: makon da na ajiye almakashi

Ni mutumin Maradi ne, sana'ata ɗinki, zamana kuwa Wagadugu, babban birnin Burkina Faso. Ina saurayi kawuna ya ɗauko ni ya zaunar da ni gaban keke a shagonsa da ke Zangouettin, unguwar da Hausawa suka yi kaka-gida a tsakiyar gari tun zamanin fatake. Ban daɗe ba aka zo da aikin sabunta birni da ake kira ZACA. A 2003 aka rushe unguwar, a shekarar kuma babbar kasuwar Rood Woko ta ƙone. Jama'armu ta watse, wasu suka nufi wajen Ouaga 2000, wasu suka tattara suka koma gida. Kawu yana cikin waɗanda suka koma. Ni na tsaya da keken da ya bar mini, na yi aure, Allah ya ba ni zuri'a, har yau ga ni.

Kallon fim kuwa da shi na taso. Muna yara, in mutum ya samu dala biyar gidan kallo ya nufa: rumfar zana, benci, talabijin guda da bidiyo, janareto na kuka a baya. Indiya muka fara sha, da 'yan Chana masu karate, kafin kaset ɗin Kano su fara shigo mana ta Jibiya da Ɗan Issa. Tun lokacin bakina ba ya shiru. Fim na ƙarewa ni zan fara nawa: don me uban yarinyar da aka ce talaka ne futuk ya fito da shadda mai maiƙo, wa ya biya kuɗin motar da saurayin ke yawo da ita, yaya aka yi mutum ya mutu a kashi na ɗaya ya dawo a na biyu babu bayani. Abokai suka laƙaba mini Alƙali, sunan ya bi ni har nan. Yanzu akwai zaurenmu na WhatsApp, teloli da 'yan kasuwa Hausawan Wagadugu, inda nake tura sharhina da murya in na ga sabon fim. Ban yi karatun abin ba. Ido ne kawai da yawan surutu.

Duk da haka, na yi shekara da shekaru a garin da ake yin bikin finafinai mafi girma a Afirka ban taɓa leƙa shi ba. Tun 1969 ake yin FESPACO, yanzu duk bayan shekara biyu, kuma ni ta gefen aljihu kaɗai na san shi. Baƙi su cika gari, su sayi atamfar bikin ko saƙin Faso Dan Fani, su kawo mini su ce riga suke so jibi. Na ɗinka hoton dokin nan a ƙirjin mutane ba adadi: Yennenga, gimbiyar da Mosawa ke cewa daga tsatsonta suka fito, bisa ingarma ya yi tsaye da ƙafa biyu, mashi a hannunta. Shi ne babban kambun gasar. Kawu ya sha faɗa mini da alfahari cewa wanda ya fara ɗaukar dokin ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda, a 1972, kuma a 1987 Med Hondo ya ɗauke shi da labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari sojan Faransa. Ina jin daɗin labarin, amma a raina bikin na 'yan boko ne da Turawa, ni kuwa Faransancina na ciniki ne. Ga shi yawanci yana faɗowa dab da 8 ga Maris, ranar mata, lokacin da kowace mace a Burkina ke son ɗinkinta ya fito. Telan da ya rufe shago a makon nan, ko dai mara lafiya ne ko ya gaji da sana'a.

A 2023 aka yi karo na 28, daga 25 ga Fabrairu zuwa 4 ga Maris, ƙasa kuwa tana cikin wani hali. Kyaftin Ibrahim Traoré bai fi wata biyar da karɓar mulki ba, an sallami sojan Faransa, 'yan gudun hijira sun kusa miliyan biyu. Mako guda kafin a buɗe bikin aka kashe sojoji sama da 50 a kwanton ɓauna wajen Déou. Mu kanmu hanyar gida ta Fada N'Gourma da Kantchari ta zama sai wanda ya sayar da rai. Mutane da yawa na cewa wane irin kallon fim ana wannan, masu shiryawa kuma suka ce ai shi ya sa suka sa wa bikin taken zaman lafiya, suka gayyato Mali a matsayin babbar baƙuwa.

Abin da ya tayar da ni daga kan keke wani dattijo ne, Bafillace daga yankin Djibo, da ya gudo da ragowar iyalinsa ya kama ɗaki a bayan shagona. Baffa muke ce masa. Mutum ne mai shanu a da, yanzu sai zama a bencina yana jan carbi yana kallon titi. Wata safiya ya ce, "Malam, na ji a rediyo wai an yi fim a kan Fulani. Ka kai ni in gani." Ban taɓa jin ya roƙi kome ba. Na bar wa yarana aikin, na ɗauki babbar 'yata da ke lise, wato babbar sakandare, don ta riƙa karanta mana rubutun ƙasan allo, muka tafi. Daga wannan fita ban koma shago sosai ba sai da aka rufe bikin. Tsakanin Ciné Burkina da Ciné Neerwaya na ƙare makon.

Fim ɗin shi ne Sira, na Apolline Traoré, 'yar ƙasa. Ya zo da zafinsa, don a kwanakin ne ya ciyo kyautar 'yan kallo a bikin finafinan Berlin, kuma gari duk ya ɗauka cewa bana mace za ta hau dokin zinare, abin da bai taɓa faruwa ba. Layi ya miƙe har ya sha kwana, mata sun fi yawa. A ƙofa ana laluben kowa, aka ce Baffa ya bar sandarsa. Sai da na haɗa da lallashi, don raba Bafillace da sanda ba ƙaramin aiki ba ne.

Labarin wata budurwa ce 'yar ardo, danginta suna raka ta cikin hamada zuwa garin wanda za ta aura, manomi Kirista. 'Yan bindiga suka tare su, suka harbe mazan, shugabansu ya yi mata fyaɗe ya yar da ita a daji. Ba ta mutu ba. Ta lallaɓa ta samu kogo a saman sansaninsu, tana saukowa da dare tana satar ruwa da abinci, ga ciki yana girma, tana jiran ranarta. A arewacin Burkina aka so ɗaukarsa, amma bayan kisan Solhan na 2021, inda aka hallaka mutum sama da ɗari, dole aka kai aikin Muritaniya.

Lokacin da aka zo wurin harbin mazan, Baffa ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya damƙi gwiwata da hannu ɗaya. Bai kau da kai ba. Ina jin yatsunsa suna shiga ƙashina har aka wuce wurin, sannan ya saki, ya gyara zama kamar ba shi ba. Sauran ɗakin kuwa ba a magana. Duk sanda yarinyar ta tsira daga wani haɗari sai tafi da sowa, wata mata a bayanmu tana yi mata gargaɗi da Mosanci da ƙarfi, wai ta ɓuya ga shi nan zuwa. Da ta ɗauki bindiga a ƙarshe, mutane tsaye suka miƙe.

Mun fito muka zauna wurin mai shayi, na ce, "Baffa, yaya ka gani?" Ya daɗe yana juya kofi, sannan ya ce, "Malam, yau an kashe Fulani a gaban mutanen Wagadugu, kuma na ga sun yi kuka." Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai san nauyin maganar ba. A shekarun nan Bafillace in ya shiga mota sai a yi ta satar kallonsa, kamar shi ya kawo bala'in, alhali shi aka fara kora. Wannan kaɗai ya isa a gode wa matar da ta yi fim ɗin.

Amma shi Baffan ne ya ƙara da cewa, "Sai dai yarinya ita kaɗai a kan dutse wata da watanni, tana sauka tana hawa, ba wanda ya ga sawunta? Yaron da ke kiwo, ɗan shekara goma, zai bi sawun nan har bakin kogon." Nan ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Farkon fim ɗin ya yi kyau matuƙa, tafiyar ayarin, faɗin hamadar, yadda tsoro ke shigowa a hankali. Jarumar, Nafissatou Cissé, takan yi dogon lokaci ba ta ce uffan ba, amma fuskarta na aiki. Daga tsakiya ne abin ya fara yi mini yawa. Miyagun mugaye ne tun daga ido har takalmi, kuma suna yawan bayyana mana muguntarsu da baki, kamar ana tsoron kada mu kasa ganewa. Baffa kuwa ya sha gaya mini cewa waɗanda suka kore su yaran gari ne, akwai wanda shi ya raɗa masa suna. Fim ɗin ya kusa taɓa wannan ta wurin wani na jikinsu mai fuska biyu da ya ci amanarsu, sai dai shi ma an mai da shi mugun fim, irin wanda ɗan kallo zai tsana hankali kwance ya tafi gida.

Ashkal na Youssef Chebbi, ɗan Tunisiya, ba mu sha wahalar samun kujera ba. Ni da 'yata muka je. An ɗauke shi a wata unguwa ta birnin Tunis da ake kira Lambunan Carthage, dogayen benaye da aka fara ginawa manyan gwamnatin Ben Ali, juyin juya halin 2011 ya zo aikin ya tsaya cak. Ginshiƙai tsirara, tagogi ba ƙyaure, ciyawa a tsakar gida. Ni da na ga filin Zangouettin ya daɗe fayau bayan an tashe mu, ban buƙaci fassara ba a nan. A cikin kangon ake tsintar gawar maigadi a ƙone, sai wata, sai wata. 'Yan sanda biyu ke bincike, mace da namiji. Ita ana ƙyamarta a wurin aiki saboda mahaifinta na cikin hukumar da ke tono laifukan 'yan sanda na zamanin da, shi kuma yana da abin da yake tsoron a tono. Mamatan ba alamar kokawa a jikinsu. Da kansu suke tuɓe tufafi su ajiye a gefe.

Kowa ya san wutar da ake nufi, ta Mohamed Bouazizi ce, mai tallar kayan marmari da ya cinna wa kansa wuta a Sidi Bouzid a Disambar 2010, amma ba wanda ya tsaya ya yi mana lacca a kai. Kyamara takan tsaya kan bango na kankare har ka fara ganin kamar fuska ce ke kallonka. Kiɗan ba waƙa ba ne, wani gurnani ne da ke shiga ciki. A matsayina na Musulmi abin ya dame ni, mutane na tafiya wurin wuta kamar masu amsa kira, kuma fim ɗin bai fito ya ce haram ba ne, bai kuma ce daidai ne ba. Da aka kunna fitila wasu suka yi tsaki. 'Yata ta ce, "Baba, to wane ne mai laifin? Ba su faɗa ba." Na ce ta bari mu isa gida. A kan babur muka yi ta musu, ita ta ce aljani ne, ni na ce baƙin cikin mutane ne da aka yi musu alkawari aka bar su da kango. Kashegari da asuba ita ta sake tayar da zancen.

Mu teloli in muna son sanin gwani ba gaban riga muke dubawa ba, juya ta muke mu ga cikin. Ashkal ko ta ina ka juya shi ba zare a sake. Ba wurin da za ka cire ba tare da wani wuri ya ɓalle ba, kuma wajen awa ɗaya da rabi ya gama abin da ya kawo shi.

Wanda ya fi cika mini ido kuwa Mami Wata ne, na C.J. Obasi daga Najeriya. Baƙi da fari ne gaba ɗaya, da Turancin buroka, 'yan kasuwa Inyamurai da ke gefenmu suna ta dariya tun kafin 'yata ta gama karanto mini. Wani ƙauye ne a bakin teku da ke ƙarƙashin wata uwa mai shiga tsakaninsu da aljanar ruwa. Yaro ya mutu a hannunta, matasa suka fara cewa su asibiti suke so da makaranta da lantarki, sai ga wani baƙo da ruwa ya turo, bayansa kuma bindigogi. Mu mutanen Maradi ba baƙin wannan rigima ba ne. Na taso ina jin garaya daga gidajen 'yan bori, ina kuma jin wa'azi a kansu daga masallacin da ke kallon gidan. Abin da ya burge ni, fim ɗin bai ce tsohuwar tana da gaskiya a kome ba, bai kuma ɓoye cewa masu alkawarin ci gaba da bindiga suka zo ba.

Hoton kuwa sai wanda ya gani. Wata 'yar Brazil, Lílis Soares, ta ɗauka. Farin kwalli ɗigo-ɗigo a kan baƙar fata yana walƙiya cikin dare, wuri a cikin kitso, teku baƙi ƙirin sai kumfa. Na lura da tufafin sosai: tunda ba launi, da zane da sheƙi aka zaɓi kowane ƙyalle, manyan zane ga manya, kuma ko a duhu kana rarrabe wace ce wace. Wanda ya yi wannan ya san yadi. Aibinsa a wurina, wani lokaci kyan kan yi yawa har 'yan wasan su koma kamar an jera su don hoto, labarin ya tsaya yana jiransu.

Shimoni na Angela Wamai daga Kenya ma na gani, labarin wani malamin makaranta da ya fito daga kurkuku aka kai shi ƙauye yana aikin gona a harabar coci, da wani tsohon ciwo da ya kasa faɗa wa kowa. Fim ne mai nauyi, a hankali yake tafiya, kuma da zafin rana na shige shi bayan na ci tuwo. Ya cancanci in sake kallonsa.

Daren rufewa a talabijin muka kalla, a ƙofar shago, unguwa ta taru. Shimoni ya samu tagulla. Da aka ce Sira azurfa, sai wurin ya yi tsit, don kowa ya gane. Zinare da miliyan 20 na sefa suka tafi ga Ashkal. Mami Wata ya samu na ɗaukar hoto da na tsara wuri da na masu sharhi. Nan take aka fara cewa ai dama shugabar alƙalan, Dora Bouchoucha, 'yar Tunisiya ce, ta ba ɗan garinsu.

A daren na tura murya zaurenmu na ce alƙalai sun yi daidai. Na ce Sira fim ne da Burkina ke buƙata a wannan shekara, kuma na yi hawaye a cikinsa, amma doki na gwaninta ne, kuma fim ɗin da ya bar ni da 'yata muna musu har asuba ya fi wanda ya tauna ya ba ni a baki. Kafin gari ya waye an yi mini ca. Wani ya ce na ci gari na raina gari. Wani ya ce wanda bai kalli ko ɗaya ba ma ya san an yi cuwa-cuwa, kuma shi ne bai kalli ko ɗaya ɗin ba. Wata hajiya da ke kawo mini ɗinki ta ce tunda Larabawa nake so in je su ba ni aiki, ta kwashe atamfofinta uku. Uwargida ta ce, "Malam, kai da aka ce ka kai Baffa kallo, wa ya aike ka rabon doki?" Baffa da aka tambaye shi cewa ya yi shi bai ga na Larabawan ba, saboda haka ba zai yi shaida ba, amma a sake kai shi Sira. Na sake kai shi da aka dawo da shi silima bayan biki.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai duk makon. Finafinai 15 suka yi takarar dokin, babu na Hausa ko ɗaya, alhali tun 1990 Kano ke fitar da fim, kuma ba na jin akwai harshe a yankin nan da ya kai namu yawan 'yan kallo. Ba harshen ne matsala ba. Aïcha Macky ta ɗauki matasan unguwar Kara-Kara ta Damagaram suna Hausarsu tsantsa, fim ɗinta Zinder ya zaga duniya tun 2021. Najeriya ma ta taɓa ɗaukar dokin a 2007 ta hannun Newton Aduaka. Namu dai an saba a zaunar da mutum biyu a falo su faɗi abin da ya faru, su faɗi abin da suke ji, sannan wani dattijo ya zo ya faɗi darasin. Ba na raina su. Waɗancan na biki, kafin fim ya fara sai ka ƙirga tambarin asusun Turai biyar ko shida da suka ba da kuɗi, kuma biki na watsewa ka neme su ka rasa inda za ka gani. Namu kuwa da kuɗin 'yan kasuwarmu ake yi, kuma suna cikin wayar kowace mai tuwo a zango. Amma na ga abin da kyamara ke iyawa in an bar ta ta yi magana, kuma ina kwaɗayinsa ga labaranmu.

Ina da ɗan ƙanwa a Maradi da ke haɗa fim mai dogon zango yana sawa a YouTube. Bayan na gama biyan bashin ɗinkin 8 ga Maris, wanda ya ci mini dare da yawa, na kira shi na zazzage masa duk wannan. Na ce ya fita daga falo, ya je tashar mota, ya je bakin Gulbi da rani, ya bar jarumarsa ta yi shiru ko na minti ɗaya ne mu ga fuskarta. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kawu, duk na ji. Amma kowane mako minti arba'in nake cikawa, in na rage magana da me zan cika? Kuma a tasha hayaniya ke cinye murya, sai da makirfo mai kyau." Ya faɗi kuɗin makirfon, ya ce in turo ta hannun direban da ke bi ta Kwatano.